Inda damisa da danginta suke zaune, da dalilin ƙarancinta a dajinmu

Wani malamin makaranta ne ya aiko da wannan tambaya. Ya ce ɗalibansa sun tsare shi suna son sanin inda damisa da zaki da sauran manyan dangin kyanwa suke zaune a daji. Shin sai cikin ƙurmi mai duhu ake samunsu? Akwai taiga a Afirka? Kuma har yanzu akwai damisa a ƙasarmu, ko kuwa sai dai labarinta?

Malam, yaran nan sun yi tambaya mai kyau, kuma amsarta tana da ɗan tsawo, sai ka yi haƙuri da ni. Abu uku ne ke sa irin waɗannan dabbobi su zauna a wuri ko su bar shi. Akwai abin da za su ci. Akwai wurin da za su ɓuya su yi kwanto, su kuma ajiye 'ya'yansu. Sai mutanen da ke kewaye da su, ko za su ƙyale su ko ba za su ƙyale ba. Zafi da sanyi da yawan ruwan sama suna da nasu tasirin, amma a bayan waɗannan ukun suke biyowa. A zamaninmu na ukun ya fi sauran nauyi. Duk taswirar da za ka nuna wa ɗalibai ta mazaunin zaki ko damisa a yau, ragowar da ɗan Adam ya bari ce take nunawa.

Manyan gidan su biyar ne: zaki, taiga wadda wasu ke kira damisar Asiya, jaguwa, damisa, da damisar ƙanƙara. Huɗun farko suna ruri, ta biyar ba ta yi. Akan haɗa musu da rabbi, wanda yara suka fi sani da cita, da kuma puma ta nahiyar Amurka, saboda girman jikinsu, ko da yake zuriyarsu ta raba hanya da ta waɗancan tun da daɗewa.

Zan fi daɗewa a kan damisa, domin ita ce ta fi kowa faɗin mazauni a Afirka da Asiya, kuma ita ce ta fi koya mana yadda abin yake. Ana samunta a ƙasashe sama da 60. Tana cikin ƙurmin Kwango da Gabon inda rana ba ta cika taɓa ƙasa ba. Tana cikin hamadar Kalahari, inda takan yi kwanaki ba ta sha ruwa ba, jini da danshin naman da ta ci su ke riƙe ta. Tana kan duwatsun yankin Cape a Afirka ta Kudu, inda namiji bai cika wuce kilo 35 ba saboda ƙananan dabbobi yake ci, alhali ɗan'uwansa na tsaunukan Iran yakan kai kusan kilo 90. A shekarar 1926 an tarar da gawar wata damisa a daskare kusa da ƙolin dutsen Kilimanjaro, a tsayin da ya haura mita 5,600. Can kuma gabashin Rasha, kan iyaka da Sin, akwai damisar Amur mai tafiya cikin dusar ƙanƙara a sanyin da ke kai digiri 30 ƙasa da sifiri, gashinta yakan yi tsawo da kauri in hunturu ya shigo. A farkon shekarun 2000 ba su fi 30 zuwa 40 ba a daji. Rasha ta keɓe musu gandu na musamman a 2012, aka tsananta gadi, yau sun haura 100.

Alhazanmu ma suna ratsa tsohon gidanta ba tare da sun sani ba. Tsaunukan Hijaz da na Asir a Saudiyya mazaunin damisar Larabawa ne a da, wadda ita ce mafi ƙanƙanta a cikin damisoshi. Yanzu waɗanda suka rage a daji ba su kai 200 ba, mafi yawansu a duwatsun Dhofar na ƙasar Oman da wasu sassan Yaman. A Ɗa'if akwai cibiyar da ake kiwonsu domin a mayar da su daji nan gaba.

Baƙar damisa da yara ke gani a hoto ba wata dabba ce daban ba. Damisa ce da baƙin launi ya rinjayi fatarta, in haske ya doke ta da kyau za ka hango zanen a ƙarƙashi. Uwa ɗaya tana iya haifar mai zane da baƙa a ciki guda. Ta fi yawa a dazuzzuka masu duhu da laima, musamman a Malesiya, inda kusan duk damisoshin yankin baƙaƙe ne. A Afirka ba kasafai ake ganinta ba, ko da yake an ɗauki hotonta a Laikipia ta ƙasar Kenya.

To me ya ba damisa wannan dama? Na farko, ba ta da zaɓen abinci. An ƙirga nau'in dabbobi sama da 100 da take ci. Ta fi son masu nauyin kilo 10 zuwa 40, irin su gada da mazo da barewa da ɗan gadu, amma in babu su za ta ci rema da zomo da beguwa da biri da zabo, har kifi da ɓera. Na biyu, ita kaɗai take yawo, don haka barewa guda takan ishe ta kwanaki. Na uku, da dare take harkarta, kuma ba ta son a gan ta. Bahaushe da ya yi mata kirari da "ƙi sabo" ya san halinta sarai. Za ta iya shekaru a bayan gari, mutane suna wucewa ta ƙarƙashin dutsen da take kwance, ba wanda ya taɓa sa ta a ido.

A dajin da take zaune tare da zaki da kura, bishiya ce ke cetonta. In ta kama mazo da dare, sai ta ciji wuyansa ta ja shi tsakanin ƙafafunta na gaba har gindin wata babbar kanya ko tsamiya, ta ɗaga kai ta duba reshe, sannan ta haye da shi ta saƙale a tsakanin rassa biyu. Wani lokaci abin da ta hau da shi ya kai nauyinta ko ya fi. Wanda ya zo wurin da safe zai ga ƙafafun mazon suna reto a sama, zai ga sawun farce a jikin ɓawon bishiyar, a ƙasa kuma ga tulin gashi da ta fige da haƙoranta kafin ta fara ci. Kuraye sukan kwana a gindin bishiyar suna jiran abin da zai faɗo. Ita kuwa tana nan kusa cikin duhuwa, za ta dawo gobe da jibi har sai ta cinye. Shi ya sa a dajin da ba ƙurmi ba, inda za ka fi samun damisa shi ne bakin rafi mai manyan itatuwa, da kwazazzabai, da tsaunuka masu koguna. Fili fetal marar maɓoya ba nata ba ne.

Faɗin ƙasar da kowace damisa ke riƙewa ya danganta da yawan nama. A wurare masu albarka irin bakin kogin Luangwa a Zambiya, ko gandun Kruger da kewayensa a Afirka ta Kudu, mace takan wadatu da 'yan murabba'in kilomita goma-goma. A kudancin Kalahari kuwa an auna namijin da yankinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000. Wannan lissafi ne ya kamata ɗalibai su riƙe, domin shi ke bayyana dalilin da ƙaramin gandu ba ya iya riƙe su. Mace tana ɗaukar ciki wata uku da 'yan kwanaki, ta haifi biyu ko uku, su zauna da ita shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, daga nan dole kowanne ya fita neman nasa yankin. In gandun kewaye yake da gonaki da tituna ta ko'ina, matashin da ya fita ba ya kai labari.

Yanzu ga abin da nake son ka tsaya a kai tare da ɗalibanka. Birnin Mumbai na Indiya da kewayensa yana ɗauke da mutane sama da miliyan 20. A cikinsa akwai gandun Sanjay Gandhi, faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 100 da 'yan kai ba, dogayen benaye da unguwannin talakawa sun zagaye shi. Damisoshi sama da 40 ne ke zaune a ciki, cunkoson da ba a cika samun irinsa ba ko a manyan dazuzzukan Afirka. Da dare sukan fito bakin unguwa su kama karnukan da ba su da masu su. Akan samu hari a kan mutane jefi-jefi, kuma abin baƙin ciki ne duk lokacin da ya faru, amma jama'ar wurin ba su tashi sun ƙarar da su ba, doka kuma tana aiki. Ƙidayar da Indiya ta yi a 2022 ta ba da kimanin damisa 13,874.

Mu kuma a Afirka ta Yamma muna da dazuzzukan da suka ninka wancan gandu sau hamsin, amma babu damisa a yawancinsu. Wani babban bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa a duniya baki ɗaya damisa ta rage a kashi 25 zuwa 37 cikin 100 ne kawai na ƙasar da take zaune a da, a Afirka ta Yamma kuma ta rasa kashi 86 zuwa 95. A shekarar ce ƙungiyar IUCN, mai lura da halin da halittu ke ciki, ta sa ta cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana.

A ganina babban dalili shi ne dajin ya zama fanko. Bishiyoyi suna tsaye, ciyawa ta yi tsawo, amma babu gada, babu mazo, babu mariya, duk sun tafi kasuwar naman daji. An yi nazari a Gabon aka tarar cewa duk inda farautar nama ta yi tsanani kusa da ƙauyuka, damisa takan koma cin ƙananan abubuwa, yawanta ya ragu, a wurin da farautar ta fi muni kuma ta ɓace ɗungurum, alhali ba ita ake harbi ba. Maharbi da damisa abu ɗaya suke nema, kuma maharbi ya fi ta yawa. Sai tarkon waya, wanda ba ya tambayar wa ya taka. An ɗana shi don gadu, ya kama damisa a wuya ko a ƙugu ta mutu a hankali. Sai fatarta, wadda ake nema don adon sarauta da layu da magungunan gargajiya, daga Sanagal har Afirka ta Kudu. Can ƙasar Zulu an samu wata dabara mai kyau: tun 2013 ake raba wa mabiyan cocin Shembe fatun roba masu kama da na gaske domin bukukuwansu, kuma dubbai sun karɓa. Sai sare itatuwan bakin rafi don gawayi da katako, wanda ke rushe ainihin wurin da ta dogara da shi. Na ƙarshe shi ne ramuwar gayya: in namun daji suka ƙare ta juya kan awaki da maruƙa, mai dabba kuma ya zuba guba a mushe.

Duk da haka ba ta ƙare a ƙasarmu ba. Wurin da na fi sa rai da shi a Najeriya shi ne gandun Gashaka-Gumti da ke tsakanin jihohin Taraba da Adamawa, mafi girma a ƙasar, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419. Tsaunuka ne da ƙurmi da kwaruruka masu wuyar shiga, irin wurin da damisa ke so ke nan. Kyamarorin da ake ɗaurewa a jikin bishiya, masu ɗaukar hoto da kansu in abu ya gifta, sun kama ta a can. A Yankari ta jihar Bauchi an daɗe ana ɗaukar cewa ta ƙare, sai ga shi a watan Afrilun 2017 irin wannan kyamara ta ɗauki wani babban namiji. A Nijar tana gandun W, wanda Nijar da Benin da Burkina Faso suka haɗa, wanda ya samo sunansa daga lanƙwasar da kogin Kwara ya yi a wurin. A arewacin Kamaru tana Benuwe da Faro da Bouba Ndjida, a Cadi tana Zakouma, a Ghana tana Mole, a Sanagal tana Niokolo-Koba, a Kwaddibuwa tana ƙurmin Taï da gandun Comoé. In ka lura, duka tsibirai ne a tsakiyar gonaki, kuma da yawansu rashin tsaro ya hana ma'aikatan gandun daji shiga yadda ya kamata.

Zaki kuwa, manyan dawa, halinsa ya sha bamban, kuma wannan bambanci ne ya jawo masa asara fiye da damisa. Ba ya zama cikin ƙurmi mai duhu. Dajin ciyawa mai itatuwa jefi-jefi shi ne gidansa, inda ɓauna da gwanki da kanki da jakin dawa ke kiwo garke-garke. Shi kaɗai ne a dangin yake zaman iyali: zakanyu 'yan'uwan juna da 'ya'yansu, tare da namiji ɗaya ko biyu ko uku. Iyali irin wannan sai babbar dabba take ƙosar da su, sai kuma ƙasa mai faɗi. Ga shi ba ya ɓoye kansa, rurinsa yana kai kilomita 8 cikin dare. Dabbar da ke cin saniya kuma take sanar da inda take ba ta daɗewa kusa da makiyaya. A da zaki ya mamaye kusan duk Afirka in ban da tsakiyar Sahara da ƙurmin Kwango, ya ratsa ƙasashen Larabawa da Farisa har Indiya, har Girka ma an san shi. A Maroko an harbe ɗaya daga cikin na ƙarshe a tsaunukan Atlas a 1942. Yau waɗanda suka rage a daji tsakanin 20,000 ne da 25,000, mafi yawa a Tanzaniya, wato Serengeti da Ruaha da Selous, sai Botsuwana da Afirka ta Kudu da Kenya da Zambiya. Akwai wasu 'yan kaɗan da suka saba da hamadar Namibiya har suna sauka bakin teku.

Namu na Afirka ta Yamma shi ne abin tausayi. An shafe shekaru ana bin gandu-gandu ana nemansa, sakamakon da aka fitar a 2014 ya nuna kimanin 400 ne suka rage, a wurare huɗu kacal: Niokolo-Koba, da haɗakar gandayen W da Arly da Pendjari inda kusan 350 suke, da gandun tafkin Kainji, da Yankari. Na Najeriya duka biyun in an haɗa ba su kai 50 ba. Ya rasa kusan kashi 99 cikin 100 na ƙasarsa ta da, kuma a 2015 aka sa shi cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Namijinsa ba shi da yawan geza irin na gabashin Afirka, wani ma kusan babu. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa ya fi kusa da zakin Indiya a kan na Tanzaniya, don haka in ya ƙare ba za a ɗauko na Serengeti a ce an mayar da shi ba.

Zakin Indiyan nan yana wuri ɗaya tak a duniya, dajin Gir a jihar Gujarat. A farkon ƙarni na 20 saura 'yan ƙalilan suka rage, sarkin yankin ya hana farautarsu. Ƙidayar 2020 ta ba da 674, ta 2025 ta ba da 891, har sun bazu wajen gandun. Abin da ya fi jan hankalina shi ne akwai makiyaya, Maldhari, da ke zaune da dabbobinsu a cikin dajin, kuma gwamnati tana biyan diyya in zaki ya kashe dabba. Wanda ya san za a biya shi ba ya saurin ɗauko guba.

Rabbi na fili ne. Gudu ne makaminsa, yana kai kusan kilomita 100 a sa'a amma na ɗan taƙi, don haka yana bukatar sarari da barewa. Ba shi da ƙarfin kare abin da ya kama, zaki da kura suna ƙwace masa suna kuma kashe 'ya'yansa, shi ya sa mafi yawan ƙasar da yake zaune a wajen gandaye take, cikin filayen kiwo. Kimanin 7,100 suka rage, a kashi 9 cikin 100 na mazauninsa na da, mafi yawa a Namibiya da Botsuwana. Muna da namu na Sahara, mai farar fata da ƙaramin jiki, wanda ke fita da dare saboda zafi: yana duwatsun Termit a gabashin Nijar, inda aka kafa gandun Termit da Tin Toumma a 2012, yana kuma tsaunukan Ahaggar a Aljeriya, 'yan kaɗan ƙwarai. Na Asiya ya rage a hamadar Iran kaɗai. Indiya ta ayyana ƙarewar nata a 1952, sai a watan Satumban 2022 ta ɗauko 8 daga Namibiya ta saka a gandun Kuno. Ɗalibai za su bambance shi da damisa cikin sauƙi: ɗigonsa baƙi ne cikakke, yana da baƙin layi daga ido zuwa baki, jikinsa siriri ne, damisa kuwa zanenta zobe-zobe ne kuma ta fi kauri.

Batun taiga, amsar ita ce babu ta a dajin Afirka kuma ba a taɓa samunta ba. Duk wadda aka gani a nahiyar nan kawo ta aka yi. 'Yar Asiya ce, mai son duhuwa da ruwa, kuma ta iya iyo. Tana dazuzzukan Indiya da Nepal, tana fadamun Sundarbans masu ruwan gishiri tsakanin Indiya da Bangaladash, tana tsaunukan Bhutan sama da mita 4,000, tana ƙurmin tsibirin Sumatra, tana kuma cikin ƙanƙarar gabashin Rasha. An ƙiyasta sun kai 100,000 a farkon ƙarni na 20. Na tsibiran Bali da Java da na yankin tekun Kasfiya sun ƙare. Yau kimanin 5,500 ne a daji, 3,682 daga ciki a Indiya, wadda ta fara shirin kare ta tun 1973. Nepal ta ɗaga nata daga 121 zuwa 355 cikin shekara goma sha 'yan kai.

Jaguwa ta nahiyar Amurka ce, daga Meziko zuwa arewacin Ajantina, cibiyarta dajin Amazon da fadamar Pantanal a Brazil. Ta yi kama da damisa, sai dai ta fi ta kauri da girman kai, kuma akwai ɗigo a cikin zoben zanenta. Tana shiga ruwa ta kamo kada, ta fasa ƙoƙon kansa da cizo guda. Puma ta fi ta yaɗuwa, daga Kanada har ƙarshen kudancin Chile, kuma ita ma tana raɓar birane: akwai wani namiji da ya shafe kusan shekara goma a wani gandu cikin birnin Los Angeles kafin ya mutu a 2022. Damisar ƙanƙara tana manyan tsaunukan tsakiyar Asiya a ƙasashe 12, irin su Sin da Mongoliya da Nepal da Pakistan da Kirgistan, galibi tsakanin mita 3,000 da 4,500, tana farautar tumaki da awakin dutse.

Akwai wani abu da zai amfani ɗalibanka, musamman waɗanda iyayensu ke kiwo ko noma a bakin daji. Sau da yawa akan ce damisa ta shigo gari ta kashe akuya, in aka bincika sai a tarar kura ce ko karnuka, ko kuma ɗaya daga cikin ƙananan kyanwoyin daji. Sawu ne ke raba gardama. A je busasshen rafi da sassafe kafin dabbobi su tattake yashin. Sawun damisa kewayayye ne, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro, yatsu huɗu, babu alamar farce domin a ciki take ɓoye shi in tana tafiya, bayan dunduniyar kuma yana da ƙullutu uku. Na kura da na kare suna nuna farce a gaban kowane yatsa, na kura kuma ƙullutu biyu ne a karkace. A jikin dabbar da aka kashe, damisa takan bar hujin haƙora a maƙogwaro ko ƙeya, ta ja gawar zuwa maɓoya, karnuka kuwa yayyaga cinya da ciki suke yi su bar ta a fili. Kukanta ma ba ya ɓata: wani gurnani ne mai maimaituwa kamar ana yanka katako da zarto, an fi jinsa bayan magariba da gabanin asuba.

In ta tabbata damisa ce, abin da ya fi aiki shi ne a sanar da ma'aikatan gandun daji, a riƙa shigar da awaki da maruƙa cikin garke mai rufi da ƙofa kafin duhu, a bar fitila da kare a kusa, kada kuma a tura ƙananan yara kiwo ko ɗiban ruwa su kaɗai da almuru. Kada a taru a yi mata ƙawanya, domin mafi yawan raunukan da take yi wa mutane a irin wannan hali ne, in aka bar mata hanya tafiya take yi. Kamawa a kai ta wani daji ma ba magani ba ne: an gwada a yankin Junnar na jihar Maharashtra a Indiya, hare-hare a kan mutane suka ƙaru a inda aka sake su, domin dabbar da aka jefa ƙasar da ba ta sani ba a firgice take. Guba a mushe kuwa takan kashe ungulaye da kuraye da dila da karnukan gari kafin ta kai ga wadda aka nufa, kuma ko ta mutu, yankin da ta bari ba ya daɗewa babu mai shi. Wata matashiya ce za ta shigo, wadda ba ta ƙware da farautar namun daji ba, kuma irinta ce ta fi faɗa wa garke.